Kunnen 'Yar Farina

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya saukar da cuta kuma ya saukar da maganinta. 'Yan uwana matan ajin yaƙi da jahilci na Gwallaga, da duk wadda rubutun nan zai kai hannunta, ina yi muku sallama. Malamarmu ce ta ce in rubuta abin da ya same mu, tun da kullum sai an tambaye ni, ni kuma in na fara da baki ba na iya kai shi ƙarshe. Ku yi haƙuri da rubutuna, da girma na koye shi.

A Tirwun muke zaune, amma asalinmu ruga. Maigidana fataucin shanu yake yi, yana bin mota zuwa kudu, sai ya yi makonni ba ya gida. 'Ya'yana uku. Wadda ta yi ciwon ita ce ta fari, tana karatu a babbar makaranta a nan cikin gari. Za ku ga ina ta kewaye sunanta. Wadda ta san gidajenmu ta san dalili. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Fulako ke nan. Haka na tarar, haka uwata ta yi mini. Da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta zuwa ruga, sai da ta isa shiga makaranta ta dawo hannuna. Ba ta ce mini Inna kamar ƙannenta Buba da Sadiya. Adda take ce mini, yadda ƙannena suke faɗa. Ni kuma in ina neman ta sai in ce, "Ke." Duk abin da ya shafe ta, mai magana a kai ita ce Goggo Dija, yayar maigidana, da ke zaune a Gwallaga.

A can ruga ta yi ƙyanda tana ƙarama, tun lokacin kunnenta na hagu ya yi nauyi. Da na dama take jin duniya. Ku riƙe wannan, domin na daman ne ya kamu.

Yarinya ce mai shiru. Abin da aka san ta da shi shi ne abin kunnen nan na waya, kullum yana ƙarƙashin hijabinta. Tana da ƙawa 'yar ajinsu, Rifkatu, mai kaɗa jita a cocinsu. Ranar Asabar sukan shige ɗaki su turo ƙofa, ba ka jin komai sai ɗan motsin jita da dariya ƙasa-ƙasa. Ban taɓa tambayar me suke yi ba. Ba wai ban so sani ba.

Farkon damina abin ya fara. A makon farko na lura tana tauna abinci da gefe guda. Na ga auduga a kunnenta da ta zame ɗankwali za ta yi alwala. Ranar wanki kuma na ɗauko rigar matashinta na ga tabo rawaya-rawaya, da wani wari da ban so ba. Na daɗe tsaye da rigar a hannuna. Da Sadiya ce, da tuni na kamo kanta na juya shi wajen haske na leƙa. Amma ita, ƙafata ta ƙi zuwa ƙofar ɗakinta. Na wanke rigar tas, na shanya, na aika wa Goggo Dija saƙo cewa yarinyarta kamar ba ta jin daɗin kunne.

Goggo tana tsakiyar hidimar wani biki, sai da aka watse ta samu zuwa. Tana shigowa ta dubi yarinyar sama da ƙasa, ta kai hannu ta jawo igiyar abin kunnen daga wuyanta.

"Ai ga ciwon nan a rataye. Kiɗa a cikin kunne har da magariba, lokacin da ake kora yara ɗaki! Me kike kira wa kanki?"

"Goggo, ba na ƙure shi. A hankali nake ji."

"Da ƙarfi ko a hankali, ƙofa dai kika buɗe. Kawo wayar ma."

Ta miƙo mini su duka biyun ta ce in ɓoye. Na kai su ƙasan kwallata na rufe. Sannan ta sa aka ɗumama man shanu aka ɗiga a kunnen. Maƙwabciyarmu ta ce ruwan albasa ya fi, aka ɗiga shi ma. Wani ɗan uwan maigida ya aiko da man zaitun da aka yi wa tofi. Mai kemis na bakin titi ya ba da na ɗigawa da ƙwayoyi, bai ko ga kunnen ba. Kada wadda ta karanta ta ɗauka Goggo muguwa ce. Abin da ta sani ta yi, kuma ta yi shi da sauri. Ni ce na gani da wuri na yi shiru.

A mako na biyu ruwan kunnen ya tsaya. Goggo ta bugo waya tana murna: "Ban faɗa ba? Daga raba ta da kiɗan nan." Ni ma na yi hamdala. Ashe ba warkewa ba ce, mugunyar ce ta rasa hanyar fita ta juya ciki. Sai zazzaɓi ya zo, mai zafin da kana jin sa tun kafin ka taɓa jiki. Sai jiri. Na gan ta tana bin bango za ta ban ɗaki kamar tsohuwa. Na dama mata kunu na ba Sadiya ta kai mata.

Ranar da Rifkatu ta zo duba dalilin da ya hana ta zuwa aji, ina tsakar gida ina tankaɗe. Ba ta daɗe a ɗakin ba ta fito a guje. Rifkatu Hausarta irin ta cikin gari ce, ba ta raba mace da namiji, kuma ba ta iya ɓoye abin da ke ranta.

"Mama, kin ga bayan kunnen shi? Ya kumbura, har kunnen ya tashi tsaye! Wannan ba na gida ba ne."

Na ce, "To. Bari a gaya wa Goggonta."

Ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba. "Mama, Goggo ne ya haife shi?"

Yarinyar da na haifi sa'arta ce ta faɗa mini haka a cikin gidana. Da wani lokaci ne da na ji haushi. Ranar kuwa ajiye rariyar na yi, na shiga ɗakin. Na ɗaga ɗankwalin da hannuna. Bayan kunnen ya yi jawur, ya taso kamar ƙwan kaza, yana sheƙi. Ta buɗe ido ta gan ni a kanta, ta ce, "Adda, ke ce?" Na ce Rifkatu ta tsayar mana da keke mai ƙafa uku.

A ƙaramin asibitin da muka fara zuwa, mai yankar kati ya ce, "Sunan marar lafiya?" Na juya na dubi Rifkatu. Ya ɗago kai.

"Hajiya, ke ce uwar ko maƙwabciya?"

Wata dattijuwa a bayana ta ce, "'Yar fari ce, malam. Rubuta abin da yarinyar ta gaya maka, layi na da tsawo."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Suna ganin kumburin suka ce ya fi ƙarfinsu, suka tura mu babban asibiti, sashen kunne da hanci da maƙogwaro. A can muka tarar da jama'a kamar ranar kasuwa. Ga ruwa ana yi, bencin bai isa ba, rumfar tana yoyo. Goggo ta iso da lema da tabarma, tana faɗa da kowa: da mai kiran suna, da mai shara, da wani mutum da ya so shiga gabanmu. Wallahi ba don faɗan Goggo ba da ranar ba mu ga likita ba. Yarinyar kuwa kanta na kan cinyar Goggo. Ni ina gefe riƙe da jaka.

Likitan mutum ne mai furfura, mai sanyin magana. Ya leƙa kunnen da 'yar fitilarsa ya ce, "Me da me kuka zuba?" Goggo ta lissafa masa. Ya girgiza kai.

"Saura gishiri da daddawa ku gama miya."

Sannan ya daina wasa. Maganarsa ta zauna mini daram, har yau ina iya maimaita ta: "Ciwon ya bar kunne, ya shiga ƙashin da ke bayansa. Daga nan zuwa ƙwaƙwalwa ba nisa."

Goggo ta ce, "Likita, ba abin waƙar nan da take cusawa ba ne?"

"A'a, Hajiya. Abin kunne ba ya kai mutum nan. Jinkiri ne ke kawo shi."

Bai dube ni ba da ya faɗa. Ni ce na ji kamar da ni yake.

Tambayar da ke bakina ta kasa fita, sai Goggo ce ta yi ta: "Za ta ci gaba da ji?"

"Rai muke nema tukuna. Ji kuwa, sai ranar da muka kwance bandeji."

Aka ba mu gado. Mako na uku duk a kan allurai ya ƙare, ta jijiya, da ƙarin ruwa. Hoton kai da suka nema sai a waje muka yi shi, wai na'urar ciki ta tsaya. Magani ma rabi a waje. Aka sa ranar tiyata aka ɗaga, aka sake sawa aka sake ɗagawa, yarinya ta wuni ba ci ba sha a banza. Wannan ya ci mini rai, kuma ina faɗa ne don masu iko su ji. Amma a asibitin nan dai akwai wata nas, doguwa, da take zuwa ta gyara mata matashi ko ba aikinta ba ne, tana ce mata "ƙanwata." Allah ya saka mata. Maigida yana kudu, ta waya ya sa ƙaninsa ya sayar da karsanar da kakarta ta ba ta tun tana ruga. Dabbar da aka ajiye don ranar aurenta, ita ta tafi a kan kunnenta.

Aka yi tiyata, Allah ya sa aka fito lafiya. Likita ya ce sun kwashe ruɓaɓɓen, rai ya tsira. Aka naɗe mata kai da bandeji, kunnen dama a rufe ruf. Ya rage sai na hagu mai nauyi. Goggo muryarta ta isa, in ta yi magana har gado na ƙarshe ana ji. Ni kuwa Allah bai ba ni murya ba. In zan ce mata ta sha ruwa, dole in sunkuya in kai bakina dab da kunnenta. Rabon da in matso kusa da ita haka, har in ji ƙanshin gashinta, tun tana goye a bayana.

Wata rana da hantsi Goggo ta tafi gida yin wanka, sai yarinyar ta kamo gefen hijabina.

"Adda, wayata tana nan?"

Tana cikin jakata. Tun ranar da muka fito na ɗauko ta daga kwalla, har da abin kunnen, ban san dalili ba.

"Likita ya hana ki sa komai a kunne."

"Na sani. Ke za ki sa. Akwai wadda muka fara da Rifkatu ba mu gama ba. Ina ta jin ta a kaina, na kasa tuna ko ta yi daɗi. Ki ji mini, ki gaya mini."

Ta lalubo ta a wayar, ta nuna mini inda zan danna. Na fita gindin dogonyaron da masu jinya ke shimfiɗa tabarma, na waiga hagu da dama kamar ɓarauniya, na cusa abin ƙarƙashin hijabi.

Da farko wata ƙara na ji, shuuu, kamar ruwa a kan kwano daga nesa, ko tsohon kaset da ya sha rana. Sai jita ta shigo a hankali, kamar mai taka ƙasa kada ya tashi mai barci. Sai murya. Sai da ta yi layi biyu na gane ta 'yata ce. Ban taɓa jin ta tana waƙa ba. Ba ta ɗaga murya, kamar tana gaya wa mutum ɗaya magana a kunne. A wani wuri ma muryar ta karye, ta yi ɗan tari, ta ci gaba.

Na koma na sunkuya na ce, "Muryar ta yi. Amma wayar ta sha ruwa, akwai shuu a ciki. In an sallame mu sai a kai ta kasuwar Wunti a gyara."

Ta yi dariya har sai da ta dafe bandeji. Tun da muka zo asibiti ban ga haƙoranta ba sai ranar.

"Adda, ni na saka shi."

"Kin saka lalacewa da hannunki?"

"Lofai ake ce masa. Masu yin sa ba su da kamfani, ba mai ɗaukar nauyinsu. A ɗakin kwanansu suke yi, da waya da 'yar jita. In kujera ta yi ƙara a bar ta. In murya ta karye a bar ta. Ba a gogewa."

"To don me?"

"Don ki san mutum ne ya yi, kuma yana da ɗaki, kuma ana ruwa a garinsu."

Ta nuna mini na wasu da ta tara, 'yan ƙasashe daban-daban. Daga ranar, duk lokacin da ta samu barcin rana sai in fita gindin bishiyar. Ba na jin Turanci, amma na fara gane su ɗaya-ɗaya. Akwai wata yarinya da kake jin karen gidansu yana haushi can baya. Akwai wani saurayi da yake waƙa kamar yana ba bango haƙuri. Akwai wadda sai ta ja numfashi kafin kowane layi, kamar tana shawara ko ta faɗa ko ta bari. Wannan ta fi shiga raina.

Waƙar da na sani a gari ta taro ce: kalangu, lasifika, a kira sunan mai biki kowa ya ji. Wannan kuwa sai ta tuna mini da uwata a ruga, in tana kaɗa nono a gora da sassafe. Takan yi wata 'yar waƙa can cikin maƙogwaro, gorar tana ba ta kiɗa, in ta ji tafiyar mutum sai ta yi shiru. Na ce a raina, ashe masu kunya ma suna da waƙarsu, har ta zaga duniya ban sani ba.

A nan ne wani nauyin ya hau kan na farko. Ga 'yata kwance kai a naɗe, ba a san ko za ta sake jin kiran salla ba. Ga matar gado na kusa da mu an ja mata labule, danginta suna kuka a baranda. Ni kuma ina gindin bishiya ina jin daɗi, da abin kunnenta, da kunnuwana biyu lafiyayyu. Abin da aka ƙwace mata aka ce shi ne cuta, ni na ɓoye shi a kwalla, yanzu ni ke shan daɗinsa. Sai in cire in yi istigfari in ce na daina. Bayan la'asar sai in ga hannuna ya koma jaka.

A mako na gaba Goggo ta kama ni. Ta zo ta zauna a tabarmata da kwanon ɗanwake.

"Wane malami ne wannan da kike ta saurare har kina lumshe ido?"

Ta sa hannu ƙarƙashin hijabina ta zaro ɗaya ta manna a kunnenta.

"La'ilaha illallahu! Ke ma?"

Na sunkuyar da kai. Na jira ta fizge. Ba ta fizge ba.

"Wannan an ba ta abinci kuwa? Murya kamar mai azumin nafila." Ta ƙara manna shi a kunne. "Tsaya. Wannan ai turmin gidanku ne. Mai tsagin nan, na san ƙararsa."

Shi ne kuwa. Wata waƙa ce da ban kai gare ta ba sai ranar. Dakana ne kiɗan, dum, dum, da kukan zakaranmu, da hon ɗin keke daga titi. Sai ga muryata, ina kiran yara su shigo: "Buba! Sadiya!" Sai kuma, ƙasa-ƙasa, "Ke." Wannan "Ke" ɗin ta yanko shi ta jera shi yana dawowa tare da taɓarya, ita kuma tana rera tata a kansa, a hankali, kamar tana amsawa.

Goggo ta ce, "Ikon Allah. Yarinyar nan ce."

Waƙar ta ƙare amma abin bai tsaya ba, sun manta ba su kashe ba, ko kuwa sun bar shi yadda suke barin komai. Muka ji an ajiye jita. Muka ji ta ja iska ta haƙora, irin na mai jin zafi. Sai muryar Rifkatu:

"Kunnen ne kuma? Ki gaya wa Mama mana."

"Adda ta gani. Ta wanke rigar matashin."

"To me ya ce?"

"Ba za ta ce ba. Ba ta iyawa ne, Rifkatu. Ba laifinta ba ne."

Sai shuuu.

Ni da Goggo muna zaune kafaɗa da kafaɗa, igiya ɗaya ta haɗa kunnuwanmu. Da ta zage ni a cikin wayar nan da ya fi mini sauƙi. Ta san na gani. Ta san na sani. Tana cikin ciwo tana nema mini uzuri.

Goggo ta cire nata, ta goge fuska da bakin mayafi. Ta daɗe tana kallon ɗanwaken da ba wanda ya taɓa.

"Mu muka koya miki," in ji ta. Can kuma ta ce, "Kada ki gaya mata na ji. Za ta raina ni."

Da yamma na sunkuya a kunnen yarinyar na hagu na ce, "Na ji ta turmi." Ban ce na ji abin da ya biyo baya ba.

Ta ce, "Ta yi?"

"Ta yi. Me ya sa kika saka muryata?"

"Babu wanda kike kira haka sai ni, Adda."

Na gyara mata bargo, abin da ban saba ba, na fita baranda.

Ranar kwance bandeji da safe aka kai mu ɗakin likita, ni da ita da Goggo. Ya warware a hankali, ya zaro abin da suka cusa a ciki, ya leƙa, ya ce wurin ya yi kyau. Gwajin ji na na'ura sai an ba mu rana, amma ya ce bari ya ɗan gwada irin na gargajiya. Ya zaunar da ita tana kallon bango, ya toshe mata kunnen hagu da yatsa.

"Mama, koma bayanta, can wajen ƙofa. Ki kira ta a hankali."

Na koma. Na ce, "Ke."

Ba ta motsa ba.

Likita ya ce, "Sunanta za ki kira. Kunne ya fi saurin kama sunan mai shi."

Goggo ta gyara murya. "Bari ni in kira, likita. 'Yar fari ce, ba ta…"

"Hajiya, ke in kin kira har Wunti za a amsa. Muryar Mama nake so."

Na dubi Goggo. Ga nas tsaye, ga wasu ɗalibai biyu masu farar riga, ga ƙofa a buɗe mutane na wucewa. Goggo ta kawar da kai ta kama kallon silin, kamar ta ga wani abu a can. Na gane ta ba ni hanya ke nan.

Sunan yana bakina shekara da shekaru, ban taɓa fitar da shi ba. Na ji shi da nauyi kamar dutsen niƙa.

"Zulaihatu."

Ba ta juyo ba.

Na ce shi ke nan, na kashe mata kunne, kuma na zo da sunan a makare. Na matsa taku ɗaya.

"Zulaihatu."

Shiru. Likita ya ɗaga mini hannu alamar in sake. Wannan karon ban san da wace murya na faɗa ba, na dai ji ta karye a tsakiya.

"Zulaihatu, 'yata."

Ta juyo. Fuskarta sharkaf da hawaye, tana murmushi.

"Na ji tun na farko, Adda. So nake ki ƙara."

Goggo ta ce, "Ja'ira! Za ki kashe mu da ranmu." Nas ta yi dariya, likita ya rubuta abin da zai rubuta.

Har yau ban sani ba ko gaskiya ta faɗa. Da aka yi gwajin na'ura daga baya, an ce jin ya dawo amma ba duka ba. Tana jin magana in an fuskance ta, tana jin kiran salla, ta koma makaranta tana zama a gaba. Ƙananan sauti kuwa sun tafi, kuma likita bai yi mana alkawarin za su dawo ba. To muryata ƙarama ce, kuma ina can wajen ƙofa. Wataƙila ta ji tun na farkon. Wataƙila uzuri ta sake nema mini, yadda ta saba. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce, "Adda, ki bar maganar." Na bari, amma ita maganar ba ta bar ni ba.

Abin da nake roƙon ku, 'yan uwana: in kunnen yaro yana ruwa, kada a zuba mai, kada a zuba albasa, kada a jira biki ya watse. In ruwan ya tsaya zazzaɓi ya taso, ba sauƙi ba ne, ku ruga asibiti. Kada kuma a ɗora wa abin da yaro yake so laifi don kawai mu ba mu san shi ba. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Har gobe ba na iya cin abinci kwano ɗaya da ita. Amma ciwo bai san ɗan fari ba. Wadda ta gani, ita ce za ta leƙa. Ina godiya ga likitan nan da nas ɗin nan, da Rifkatu da ta faɗa mini abin da babba bai faɗa ba, da Goggo Dija da ta kwana a kan siminti har ƙafarta ta kumbura. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya yafe mana abin da muka gani muka yi shiru.

Yanzu ranar Asabar ƙofar ɗakin a buɗe take. An hana ta sa abin kunne, kuma shuu ɗin nan da take so ba ta jin sa ko an kunna. Don haka ni ke zama a bakin ƙofa da tiren shinkafa ina tsinta, abin a kunnena, suna tambayata. In ce ruwan ya yi yawa ya danne jita, su rage. In ce zakaran ya shigo da wuri, Rifkatu ta ce, "Mama ya fi mu kunne."

Waccan ta turmi sun sake ta. Bayan Buba da Sadiya yanzu akwai suna na uku. Sai da suka yi ta lallashina kafin na yarda na faɗa a gaban waya, kuma da na saurara na ji muryar tana rawa, har da wani ɗan tsayawa a tsakiya kamar mai shawara. Na ce wannan bai yi ba, a goge in sake.

Zulaihatu ta ce, "Adda, ba a gogewa."